Taurarin Baffa da na littafin Safiya

Kawu Sale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha jikata Safiya ta zo mini da littafinta, wai an ce su rubuto mutum biyar da suka yi fice a ilimin taurari. Ta karanto mini Kofanikas, Galileyo, da wasu da harshena ya kasa. Na ce ta sa marigayi Baffa Ilu a ciki, ta ce ba za a karɓa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san Baffa ba ya zuba iri a ƙasa sai ya fito da asuba ya dubi gabas. Shi ya koya mana taurarin damina bakwai: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harsan. Shi ke cewa idan Kaza da 'ya'yanta ta ɓace da magariba, a kama sharar gona. Malam Habu, kai ne malamin makaranta. Wannan ba ilimi ba ne?

Malam Habu: Wa alaikumus salam Kawu. Ilimi ne mana, kuma da shi da na littafin Safiya jijiyarsu ɗaya. Sunayen nan da Baffa yake faɗa, Allah ya jiƙansa, suna cikin manazilin wata guda 28 na Larabawa, wato masaukan wata a sama. Kowanne kwana 13 yake yi, Jabaha kaɗai ke yin 14. Haɗa ka gani, kwana 365 ne cif. Dabaran da yake cewa shi ke rufe bazara, har gobe masana a Jamus da Amurka Aldebaran suke ce masa. Hana'a kuma Alhena. Sunayen sun bi littattafai sun tsallaka Turai, sun bi malamai da fatake sun iso mana nan ƙasar Ringim.

Ɗan'azumi: Allah ya jiƙan Baffa. Shekarata shida a Legas, wallahi ban taɓa ganin Kaza ba. Hasken lantarki da hayaƙi sun cinye sama. Sai na zo gida sallah nake tuna cewa taurari suna da yawa haka.

Nasiru: Malam Habu, da girmamawa, ni ina jin tsoron wannan hirar. Hadisi ya tabbata cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da safe Annabi (SAW) ya faɗa wa sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Kuma mun san masu zane a ƙasa da ke cewa tauraronka ya yi kaza, kada ka yi tafiya ranar Laraba. Ina bambancin?

Malam Liman: Nasiru, hadisin da ka kawo ingantacce ne, Allah ya ƙara sani. Amma malamai sun raba abin gida biyu tun da daɗewa. Akwai ilimin tasiri, wato a ce tauraro ne ke kawo ruwa ko arziki ko mutuwa. Wannan shi ne haramun. Akwai ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da hanya da shi. Duba Suratu Yunus aya ta 5, Allah ya ce ya ƙaddara wa wata manazili don mu san adadin shekaru da lissafi. A Suratun Nahli kuma ya ce da tauraro suke shiryuwa. Na zauna da Baffa Ilu shekaru. Bai taɓa cewa Haƙa'a ne ke ba da ruwa ba. Cewa yake lokaci ya yi, sauran sai Allah.

Nasiru: Na gamsu da wannan, Allah ya gafarta Malam. Amma masu cewa ranar kaza ƙarfe kaza za a yi husufi fa? Ba shiga gaibu ba ne?

Auwalu: Yaya Nasiru, bari in ɗan sa baki, abin da muke karantawa ne a Dutse. Idan ka san motar kasuwa tana tashi ƙarfe bakwai, ka san gudunta da nisan hanya, ka ce za ta isa Gujungu ƙarfe kaza, ba wanda zai ce ka yi duba. Rana da wata tafiyarsu ta fi ta kowace mota tsari, Suratur Rahman ma ta ce da lissafi suke. Mutanen Babila tun kafin haihuwar Annabi Isa suka lura husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11, saboda sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani a kan allunan yumɓu.

Gwaggo Asabe: Ni shaida ce a kan na 2006. Tun ana saura kwanaki rediyo ke ta faɗa, mutane suna cewa ƙaryar 'yan boko ce. Ranar Laraba da hantsi ina shanya a tsakar gida, sai gari ya yi wani iri, haske ya dushe, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki.

Malam Habu: 29 ga Maris ke nan, Gwaggo. A Gusau da Katsina rana ta rufe gaba ɗaya na ɗan lokaci.

Kawu, ga amsar da zan ba ka tsakani da Allah. Abin da ya sa sunan waɗancan ya shiga littafi, sun auna da kayan awo, sun rubuta, wanda ya biyo baya ya ɗauki rubutun ya gwada ya gyara. Ɗauki Al-Battani, mutumin Harran, ya rasu a 929. Ya yi kusan shekara arba'in a garin Raƙƙa na ƙasar Sham yana duban rana da taurari. Ya ce tsawon shekara kwana 365 ne da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24. Awon yau ya ce awa 5 da minti 48 da daƙiƙa 45. Mutumin da ba shi da agogon hannu, ba shi da madubin hangen nesa, ya kuskure da minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi a shekara guda! Yadda ya yi kuwa, ya ɗauki awon da wani masanin taurari mai suna Baɗlimus ya rubuta a Iskandariyya fiye da shekara 700 kafinsa, ya gwama da nasa. Da Baɗlimus bai rubuta ba, da Al-Battani bai sami abin gwamawa ba.

Alhaji Ɗanlami: To tunda an zo nan, ni ina da tambaya ta manomi. Me ya sa yanzu tauraro zai shiga amma ruwa bai zo ba? Da ba haka ba ne. Ko taurarin ne suka gusa?

Auwalu: Baba Alhaji, suna gusawa, amma a hankali ƙwarai. Wani Bagirke mai suna Hifarkus ne ya gano haka wajen shekara 130 kafin Annabi Isa, shi ma ta hanyar gwama awonsa da na magabata. Baɗlimus ya ce gusawar digiri ɗaya ce a shekara 100. Al-Battani ya gyara ya ce 66. Yau an san kusan 72 ce. Ma'ana fitowar tauraro tana jinkirta da kamar kwana ɗaya a tsawon ran mutum. Kwana ɗaya ba zai bayyana jinkirin ruwa na sati biyu ko uku ba. Wannan maganar iska ce da zafin teku da sauyin yanayi, wani fanni ne daban. Tauraro kalanda ne, yana gaya maka kwanan wata.

Alhaji Ɗanlami: To madalla. Ashe laifin ba na sama ba ne.

Sagir: Ni duk abin da na fahimta a nan shi ne Turawa sata suka yi. Musulmi suka yi aikin, su suka sa sunansu. Na ga wani bidiyo da ya ce Kofanikas kwafar littafin wani malamin Dimashƙa ya yi.

Malam Habu: Sagir ƙanena, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma bidiyon ya zarce. Malamin shi ne Ibnus Shaɗir, ya rasu a 1375. Aikinsa a babban masallacin Umayyawa na Dimashƙa shi ne tsayar da lokutan salla, har agogon inuwa ya ƙera aka ɗora a hasumiya. Tsarin da ya yi na tafiyar wata daidai yake da wanda ya fito a littafin Kofanikas na 1543, kuma akwai wata dabarar lissafi ta Nasiruddin Ɗusi, mai gidan duban taurari na Maraga, da ita ma ta fito a littafin Kofanikas. Masana tarihi na ta muhawara kan hanyar da abin ya bi ya isa gare shi. Shi kansa Kofanikas ya ambaci Al-Battani da suna a littafin. Amma Ibnus Shaɗir ƙasa ya bari a tsakiya, rana na zagaya ta. Kofanikas ne ya sa rana a tsakiya ya gina lissafin duka a kai. Wannan nasa ne, kada mu ƙwace masa. Su ma namu ai daga Girkawa da Indiyawa da Farisawa suka karɓa, kuma ba su ɓoye ba. Ibnul Haisam littafi guda ya rubuta a kan shakkun da yake da su game da Baɗlimus, bayan ya karance shi tsaf.

Sagir: To me ya sa littattafan makarantunmu ba sa faɗin haka? Yaro zai gama sakandare bai taɓa jin Al-Battani ba.

Malam Habu: A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ni ma sai da na girma na ji sunansa, alhali akwai rami a jikin wata da aka sa wa sunansa, haka Al-Biruni, haka Abdurrahman As-Sufi. Nakan faɗa wa ɗalibaina ko da ba ya cikin manhaja. Kuma ba sai mun je nesa ba. Muhammad Al-Kashinawi, Bakatsine ne, ya yi suna a lissafi da ilimin falaki har a Alƙahira, can ya rasu a 1741.

Malam Liman: Allah ya jiƙansa. Na ji malamanmu na zaure suna ambatonsa.

Auwalu: Ni a cikinsu duka wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Kefla, Bajamushe. Maigidansa Tiko Brahe, mutumin Denmak, ya yi fiye da shekara ashirin yana auna matsayin taurari da manyan kayan awo na tagulla da katako, da ido kawai, don lokacin ba a ƙera madubin hangen nesa ba. Ya rasu a 1601, takardun suka koma hannun Kefla. Tun zamanin Girkawa kowa ya yarda cewa duniyoyi a cikakkiyar da'ira suke tafiya. Kefla ya sha wahala shekaru yana lissafin tafiyar duniyar Mirrihu, wato Mars, a kan da'ira, har ya sami tsarin da ya kusa dacewa. Saɓanin da ya rage ɗan mitsitsi ne, kamar rubu'in faɗin wata idan ka kalle shi a sama. Da wani ne sai ya ce hannun Tiko ne ya karkace. Shi ya ce Tiko ba ya irin wannan kuskuren. Ya watsar da aikin shekaru ya sake daga farko, har ya gano hanyar tana da siffa mai ɗan tsawo, kusan kamar ƙwai. Ya buga a 1609. Mutum ya ga abin da yake ƙauna bai dace da awo ba, ya haƙura ya bi awon. Duk lokacin da na tuna sai in ji kunyar yadda muke riƙe magana don kawai mu muka faɗe ta.

Malama Bilkisu: Ina ta karatu shiru, amma tunda Safiya ce mai aikin, ku ba ta mata ma. A Halab, zamanin sarki Saifud Daula, akwai wata mata da ake kira Al-Ijliyya, sana'arta ƙera usɗurlabi, na'urar tagulla da ake auna tsayin rana da taurari da ita a san lokaci. Ibnun Nadim ya ambace ta a littafinsa. Sannan a 1925 wata budurwa 'yar Ingila mai karatu a Amurka, Sisiliya Payne, ta nazarci hasken taurari ta ce mafi yawan jikinsu iskar haidurojin ce da hiliyom. Wani babban farfesa ya ce mata ba zai yiwu ba, har ta sassauta maganar a kundinta. Bayan shekara huɗu shi da kansa ya tabbatar ita ce da gaskiya. Kawu, ka gaya wa Safiya wannan.

Kawu Sale: Zan gaya mata, 'yata. Allah ya yi albarka. Tauraruwa mai wutsiya fa? Na ga wata da idona shekarun baya, ta yi kwanaki tana fitowa bayan magariba, tsofaffi suna ta cewa ganinki ba alheri ba.

Auwalu: Idan wajen 1997 ne Kawu, ita ce Hale-Bopp, duk duniya an gan ta.

Malam Habu: Wannan tambayar ta dawo da mu kan tsoron Nasiru, kuma akwai labarin da nake so ya ji. A 1577 wata babbar tauraruwa mai wutsiya ta fito. A Istanbul lokacin Sarkin Musulmi Muradu na uku ya gama gina wa Taƙiyyuddin gidan duban taurari, mai kayan awo da ba su gaza na Tiko ba. Sarki ya nemi a fassara masa ita, Taƙiyyuddin ya yi masa albishir da nasara a yaƙin Farisa. Sai annoba ta biyo baya, manyan mutane suka mutu, aka ce leƙen asirin sama ne ya jawo. A 1580 aka rushe gidan. Ita wannan tauraruwar dai Tiko ya gani daga tsibirinsa. Ya bi ta dare bayan dare yana awo, ya nuna cewa ta fi wata nisa, alhali tun zamanin Arisɗo ana cewa hayaƙi ce a cikin iskarmu. Taƙiyyuddin gwani ne na gaske, ba na raina shi. Amma ranar da aka ja shi daga awo zuwa duba, ranar aka fara haƙa wa gidan kabari. Wannan asarar tana yi mini ciwo har yau.

Nasiru: To ka ga abin da nake gudu ke nan, Malam.

Malam Habu: Na gani, kuma da gaskiyarka. Sai dai maganin bai kamata ya zama rushe gini ba.

Kawu, ga wanda zai yi maka daɗi. Edmon Hali na Ingila ya yi amfani da lissafin Niyuton, ya duba tsofaffin rubuce-rubuce, ya ce wadda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce take zagayowa, kuma za ta dawo wajen 1758. Ya rasu a 1742, bai gani ba. Masana da kayan aikinsu suna ta zuba ido, amma wanda ya fara hango ta a Disambar 1758 manomi ne, a wani ƙauye kusa da Diresdin ta Jamus, mai son kallon sama bayan ya taso daga gona. Ta zo a 1986, za ta sake zuwa a 2061.

Kawu Sale: Allahu Akbar. Manomi ɗan'uwana! To ai ka ga Baffa ke nan.

Ɗan'azumi: Malam, akwai abin da mutum zai gwada da kansa? Gani ya kori ji.

Malam Habu: Akwai, kuma sanda kawai yake buƙata. Iratostin, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya fiye da shekara 200 kafin Annabi Isa, ya ji cewa a Aswan akwai ranar da rana ke tsayawa tsaka har sanda ba ta inuwa. A wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariyya, ya ga ta karkata da kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin, ya sami kewayen duniya. Mu nan Jigawa muna da irin wannan ranar sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. Ta Afrilu ta wuce mu, ta Agusta kuma galibi hadari ke rufe ta.

Gwaggo Asabe: Ashe shi ya sa! Akwai kwanakin da in ka leƙa rijiyar bayan masallaci da tsakar rana a bazara, kana ganin haske har kan ruwa. Tun muna 'yan mata muke lura da haka.

Malam Habu: Shi ne, Gwaggo. Amma ga wadda ke tafe. Ranar 27 da 28 ga Mayu, ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, rana tana tsaye daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokacin alƙibla ya fuskanta. Ka kafa sanda a miƙe a wuri mai daidai, ka ja layi a kan inuwarta, layin nan shi ne. Za ku ga daga nan gabas ce mai karkata arewa da kamar digiri 22. Ana sake samun haka 15 da 16 ga Yuli, ƙarfe 10:27.

Malam Liman: Wannan abu ne mai kyau, zan fito da kaina in Allah ya kai mu. Amma ina jan kunnen samari. Kada wani ya ja layi a ƙofar gidansu ya taho masallaci yana cewa iyayenmu sun yi shekara hamsin suna salla a karkace. Ɗan karkacen da ba a sani ba ba ya ɓata salla ga wanda ke nesa da Makka. Duk abin da aka gani a kawo mana, mu zauna da dattawa.

Nasiru: Zan zo da igiyar magina don sandar ta tsaya daidai.

Malama Bilkisu: Kawu, wata tambaya. Taurarin damina bakwai ka kawo. Sauran ashirin da ɗaya fa, da abin da Baffa ke faɗa a kan kowanne, wa ya riƙe?

Kawu Sale: Ni na kaka kawai na ɗan riƙe, Sarfa da Simaku da Iklilu, sauran sun zube. Amma Inna Talatu ƙanwarsa tana nan da ranta, hankalinta garau, ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Har waɗanda ba sa cikin manazili ta sani, irin su Gamzaki da Zara matar wata, da lokacin da kowanne ke fitowa.

Malama Bilkisu: To ranar Juma'a bayan la'asar zan je da waya in ɗauki muryarta, in ta yarda. A ba ni Safiya ta zo da littafi da biro, ita za ta rubuta.

Auwalu: Anti, ku tambaye ta ta wane gefe kowanne ke fitowa, da a wane wata, da magariba ne ko da asuba. Da wannan zan iya gano su a taswirar sama in na zo hutu.

Kawu Sale: Zan aika a gaya mata yau. Ku je da wuri, don ido ya fara yi mata nauyi, da magariba take shiga ɗaki. Malam Habu, Litinin za a karɓi aikin yarinyar nan. Rubuto mini biyar ɗin da shekarunsu, ka sa matar nan ta Halab a ciki.